Ranar da T7E1 ya daddatse mana DNA a bazarar Marwa

Wajen ƙarfe 4 na yamma, wata Laraba cikin Afrilu, wata ɗaliba a ɗakin gwajinmu da ke Marwa, arewacin Kamaru, ta ɗora jel ɗinta, wato faifan da ake rarrabe guntayen DNA bisa tsawonsu, a kan fitilar duba DNA, ta kashe wutar ɗaki, muka sunkuya mu biyu muna kallo. In aiki ya yi kyau, kowane layi zane ɗaya zai nuna a sama, wasu layukan kuma su ƙara da ƙananan zane biyu a ƙasa. Mu kuwa shafe muka gani daga sama har ƙasa, kamar kwallin da hawaye ya wanke. Layi 12, duk haka suke. Tsanin awo da ke gefe, wato layin guntayen da aka san tsawonsu, shi ne kaɗai ya fito da matakalansa tsaf, alamar ba daga jel ɗin ba ne.

"Baba, maganin nan ya mutu," in ji ta. "Ko dai a hanya, ko daren nan da wuta ta ɗauke."

Ban tanka ba, don rabin maganar ni ya shafa. Ni ne ma'aikacin ɗakin gwajin, firiza a hannuna take. Kwana 9 kafin nan wuta ta ɗauke tun bayan isha'i, janareta kuma, wanda mu a nan muke ce wa gurup, ya ƙi tashi har gari ya waye. Kowa ya san da wannan dare. Kafin azahar ta washegari labari ya isa kunnen Dokta mai duba aikin yarinyar, cewa T7E1, enzayim ɗin nan mai yankan DNA da aka sha wuya kafin a samo, ya lalace a firizar da nake tsaro.

Abin da ake nema

Duk wanda ya taɓa noman dawar damina a Diyamare ko a gindin duwatsun Mandara ya san ƙuduji. Wasu na ce masa wuta-wuta, maƙwabtanmu Fulani na ce masa duuli. Furensa ruwan hoda ne, gwanin kyau, amma kafin ka gan shi a sarari ya riga ya gama ɓarna a ƙarƙashin ƙasa, ya manne wa saiwar dawa yana tsotsa. Tushe ɗaya na zubar da iri dubun dubata, ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Ba ruwa kaɗai suke jira ba. Irin ƙuduji ba ya tsirowa sai ya ji alamar wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa, dangin da ake kira sitirigolakton. Na farkonsu a 1966 aka gano shi, daga saiwar auduga. Shi ya sa auduga ke yaudarar ƙuduji: ta sa shi ya tsiro, ba zai iya kama ta ba, ya mutu da yunwa. Masakwa da ake dasawa a ƙasar laka, wato karal, bayan ruwa ya janye ba ta cika shan wannan wuya ba. Dawar damina ce ke ji a jikinta.

A 2017 ƙungiyar Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha da ke jami'ar Purdue a Amurka, ta bayyana ƙwayar gadon da ke da hannu a wannan magana. Sunanta LGS1, tana kan kuromosom na 5 na dawa. In tana aiki, saiwa na fitar da sinadarin da ke tada irin ƙuduji sosai. In ta lalace, sai saiwar ta koma fitar da wani ɗan'uwansa, orobankol, wanda ƙuduji ba ya ji da kyau. Dawar nan SRN39 da ta yi suna wajen jure wa ƙuduji, haka take.

Tambayar ɗalibar mai sauƙin faɗa ce: a cikin dawar gargajiya ta yankinmu, akwai wadda LGS1 ɗinta ta bambanta? Ta tattaro iri 36 daga rumbuna da kasuwanni, wajen Mokolo da Mora da Kayele, ta shuka su a tukwane, ta ciri DNA daga ɗanyen ganye. An raba yankin da za a duba gida 3, kowane gida haruffa wajen 800, wato samfuri 108 ke nan. Kuɗin aika 108 Turai a karanta su harafi da harafi babu shi. Dokta ya ce to a fara tankaɗewa a nan, abin da ya tsaya a rariya shi za a aika. Rariyar ita ce T7E1.

Shi wane ne T7E1

DNA igiya ce mai tufka biyu, kowace tufka jerin haruffa huɗu ce, A da T da G da C. A na kama T ta ɗaya ɓangaren, G na kama C. Muddin tufkokin biyu sun dace, igiyar sumul take. In kuwa ɗaya ta rasa wasu haruffa, ko ta ƙaru da wasu, wurin sai ya yi ƙulu, ya ɗan lanƙwashe, kamar zik ɗin da haƙoransa suka tsallake.

Yawancin enzayim masu yankan DNA da muke amfani da su karatu suke yi. EcoRI, misali, sai ya ga GAATTC yake yanka, in bai gani ba ya wuce abinsa. T7E1 ba ya karatu, lalube yake yi. Siffa yake nema: inda igiya ta yi reshe, inda ta yi mararraba, inda ta yi ƙulu. In ya samu sai ya datse a gab da wurin, tsakanin harafi na ɗaya zuwa na uku kafin ƙulun.

Asalinsa daga T7 ne, wani bairos da ke cin bakteriyar E. coli, ɗaya daga cikin bakwai da aka lasafta da harafin T a 1945. DNA ɗinsa haruffa kusan 40,000 ne kacal, kuma cikin ƙasa da rabin awa yake cika bakteriya da 'ya'yansa ya fasa ta. Ƙwayar gadonsa ta 3 ita ke samar da wannan enzayim, ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 149 da ke aiki bibbiyu a haɗe. Aiki biyu yake yi wa ubangidansa. Yana taimakawa wajen farfasa DNA ɗin bakteriyar don bairos ya samu kayan gina nasa. Yana kuma warware sarƙaƙiyar da DNA ɗin bairos kan shiga lokacin da igiyoyi ke musayar sassa, wato mararrabar nan mai hanya huɗu da Robin Holliday ya siffanta a 1964, har take amsa sunansa. Ƙungiyar David Lilley ta Dandi a Sikotilan, tare da abokan aikinsu na Lids, su suka fitar da surar enzayim ɗin a 2001, suka kuma nuna shi riƙe da mararrabar a 2007.

Ka ga ke nan ba don neman saɓanin harafi aka halicce shi ba. Mararraba ce abincinsa. Ƙulun da muke ba shi, kama kawai yake yi da abincin, shi ya sa wani ya ci, wani ya ƙyale. Tun 1995 aka fara gwada shi wajen gano canji a ƙwayoyin gado, amma kasuwarsa ta buɗe ne bayan 2012, da CRISPR, dabarar gyara ƙwayoyin gado, ta bazu, kowa na son hanya mai arha ta sanin ko gyaran da ya yi ya kama.

Yadda ake yi ba wuya. Ka ninka yankin da kake so da PCR, wato hanyar buga kwafin DNA da yawa a inji. Ka ɗauki wajen nanogiram 200, ka dafa a digiri 95 minti 5 har tufkokin su rabu, sannan ka bar shi ya huce a hankali ƙwarai, kowace tufka ta nemi abokiya. In akwai iri biyu a kwalbar, wasu za su yi auren gida, wasu su auri bare, su yi ƙulu. Ka zuba enzayim maikrolita 1, ka ajiye a digiri 37 minti 15, ka tsayar da shi da EDTA, wanda ke ƙwace maganiziyam ɗin da yake aiki da shi. Sai jel. Guntu biyun da suka fito, in ka haɗa tsawonsu, dole su ba ka tsawon na sama.

Namu babbar kwalba aka saya, maikrolita 125. Ɗigon ruwa biyu da rabi ke nan. Ya sauka a Yawunde, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngawundere cikin kula da ƙanƙara, ya yi yini guda a mota ta Garwa kafin ya iso mu.

Bin sawu

Da Dokta ya kira ni ofis, na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu kafin a yanke hukunci. Matacce ba ya yanka. Wannan kuwa yanka ya yi har ya wuce gona da iri."

Wannan ita ce hujjata ta farko, kuma har yanzu ina mamakin yadda mu duka muka tsallake ta a ranar. Da enzayim ɗin ya mutu, zane ɗaya za mu gani a sama, lafiya lau, kamar ba a zuba komai ba. Shafe na nufin an daddatse DNA a wurare barkatai. Hujja ta biyu tana cikin firizar. Na daɗe ina ajiye kofin ruwa daskararre a ciki, da silen sefa 100 a kan ƙanƙarar. In firiza ta narke ta sake daskarewa ba ka nan, za ka tarar da silen ya nutse. Washegarin daren nan na duba, yana nan a sama. Firizar irin ta kwance ce, cike da gorunan ƙanƙara, ba wanda ya buɗe ta. Shi kansa enzayim ɗin a cikin giliserol kashi 50 cikin 100 yake zuwa, ba ya daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili, don haka narkewa da sake daskarewa da ke kashe wasu furotin ba ta same shi ba.

To wa ya yi ɓarnar? A ɗakin gwajin da ake Faransanci, samfurin da ake sawa don kwatanci shaida ake ce masa, kuma ban taɓa jin sunan da ya fi wannan dacewa ba. Jel ɗin yarinyar ba shaida ko ɗaya. Sai muka fara kiran shaidu. DNA ɗin PCR da ba a taɓa ba: zane ɗaya, tsaf. DNA da ruwa da bafa, wato ruwan gishirin da enzayim ke aiki a ciki, ba enzayim, aka bar shi awa guda a tukunyar ɗumi: zane ɗaya, tsaf. Ke nan ruwanmu da bafarmu ba su gurɓata ba. Hannun enzayim ɗin ne, ba na kowa ba.

Na ce ta kawo littafinta. Nan na ga maikrolita 2 maimakon 1, minti 60 maimakon 15.

"'Yata, wa ya ce ki ninka?"

"Baba, a watan Maris na yi yadda takarda ta ce, har sau biyu, ba abin da ya yanku. Na ɗauka ƙarfinsa ne ya ragu, shi ne na ƙara."

Na ajiye wannan magana a gefe, don a lokacin ban gane cewa ita ce uwar matsalar ba. Hankalina na kan tukunyar ɗumi. Tamu tsohuwa ce, ba ta da allon nuna zafi, maɓalli ne kawai da ake murɗawa, an yi masa alama da jan fenti a kan 37. Tana zaune a gindin tagar yamma. Ƙarfe 2 na rana na cika ta daga famfo kamar yadda yarinyar ta yi, na rufe, na tsoma ma'aunin zafi na gilashi. Ya hau 45 ya tsaya. 'Yar fitilar da ke nuna tana dafawa ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Abin a fili yake, amma sai ka zauna a ƙasa irin tamu kake tuna shi: tukunyar ɗumi dafawa kawai ta iya, ba ta iya sanyayawa. Wanda ya ƙera ta ya ɗauka ɗakinka digiri 20 da 'yan kai ne, ruwan famfonka kuma ya fi haka sanyi. A Marwa cikin Afrilu zafin inuwa kan haura 40, ruwanmu daga tankin saman rufi yake saukowa bayan ya sha rana tun safe, na'urar sanyaya ɗaki kuma ba ta aiki in gurup ne ke jan wuta. Ka murɗa maɓalli zuwa 37 ɗin, tukunya ta ga ruwa ya riga ya wuce nan, ta naɗe hannu. Takardar da ke zuwa da T7E1 kuwa ta faɗa ƙarara: in zafi ya wuce digiri 42, yankan barkatai na ƙaruwa, a guje shi. Jimla ɗaya ce a ƙasan shafi. Mai aiki a Faransa zai yi shekara 20 bai buƙaci karanta ta ba.

Zafi ya wuce kima, enzayim ninki biyu, lokaci ninki huɗu. Ko ɗaya daga ciki ya isa ya ɓata jel, balle sun haɗu.

Baba maigadi, da ya ga ina ta kai da kawo da ma'aunin zafi, ya tambayi abin da ake ciki. Da na gaya masa ya ce, "To Malam, ga randa nan a zaure, me ya hana ku ɗiba?" Gaskiyarsa. Ruwan randa kofi uku ya sauko da tukunyar ƙasa da 37, fitilarta ta kama, ta riƙe daidai muddin murfi a buɗe yake. Mun yi amfani da wannan dabara sau biyu. Daga baya muka mayar da yankan cikin injin PCR, don shi yana dafawa yana kuma sanyayawa, muka kashe zafin murfinsa, muka koma yin aikin bayan sallar asuba kafin ɗaki ya ɗau zafi.

Jel ya yi tsaf, amma ba labari

Da aka koma maikrolita 1, minti 15, digiri 37 na gaskiya, shafe ya ɓace. Layi 12, zane ɗaya ɗaya a sama, ba ko guntu. Na wanku daga zargin firiza, amma an gudu gara an faɗa gidan zago, domin yanzu maganar mutuwar enzayim ta fi kama da gaskiya. Dokta ya dubi hoton ya ce, "Malam, yanzu kuma me za ka ce?"

Na ce shaidar da ya rage a kira shi ne wanda muka tabbata dole ya yanku. Wani abokin aikinsa a Ngawundere na da filasmid biyu, wato ƙananan zobban DNA, da bambancinsu haruffa 12 ne da aka cire daga ɗaya. Ya ɗiga su a takardar tacewa, ya zagaye wurin da fensir, ya sa a ambulan, ya ba direban mota. DNA busasshe ba ruwansa da zafin hanya. Kwana 4 muka jira. Muka jiƙa takardar, muka ninka yankin daga kowanne, muka gauraya rabi da rabi, muka dafa, muka huce, muka zuba enzayim. Zane uku suka fito kamar an zana da rula. Enzayim ɗin na nan da ransa.

A wannan jel ɗin ne yarinyar ta yi tambayar da ta warware komai. Ta ce, "Baba, me ya sa wannan kuka gauraya biyu, nawa kuwa kowanne shi kaɗai nake sawa?"

Takardar da take bi ta masu CRISPR ce. Su in sun yi gyara a tarin ƙwayoyin halitta, wasu sun gyaru wasu ba su gyaru ba, don haka DNA ɗinsu a gauraye yake tun asali. Dawa ba haka take ba. Kuromosom ɗinta 20 ne, 10 daga uwa 10 daga uba, amma yawanci ita ke barbarar kanta, shekara bayan shekara, har kwafin uwa da na uba su zama abu ɗaya. In wata dawa tana da canji a LGS1, akwai yiwuwar a kwafi biyun take da shi. Ka raba tufkokin ka mayar, kowace za ta samu daidai da ita, ba ƙulu, ba yanka. T7E1 ba ya cewa wannan DNA ya saɓa wa na asali, don bai san na asali ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne ko abin da ke cikin kwalbar nan ya saɓa wa juna. Dole kai ka kawo masa abin kwatanci, ka zuba a ciki. Masu neman bambancin gado a tsirrai sun san wannan tun farkon shekarun 2000, da aka fito da hanyar TILLING a Siyatil, kuma ko da yaushe gaurayawa suke yi.

Ashe tun Maris ba abin da ya samu enzayim ɗin. Ba a ba shi abin yanka ba ne. Rashin yankan ya sa ta ƙara yawa da lokaci, ƙarin ya haɗu da zafin Afrilu, aka samu shafe, shafen kuma aka ɗora wa firiza. Ni ma da laifina a ciki, don na ga takardar a hannunta tun ranar farko ban tambaye ta don wane irin samfuri aka rubuta ta ba.

Akwai wani lissafi da na sa ta rubuta a bangon littafinta. In ka gauraya iri biyu rabi da rabi, rabin igiyoyin ne kawai za su auri bare, sauran rabin auren gida za su yi. Don haka zanen sama ba zai taɓa ɓacewa ba, ko enzayim ya yi aikinsa cif. Wanda ya ce sai ya ga bayan zanen sama, to shafe yake nema.

Zuwa lokacin maikrolita 50 sun tafi a banza, saura 75. Muka gwada rabin maikrolita a kan shaidar Ngawundere, ya yanka daidai, sai muka tsaya a nan, ana haɗa shi da bafa a kwalba ɗaya sannan a rarraba, don fifet ɗinmu, abin da muke ɗibar ɗigo da shi, ba ya auna rabin maikrolita da gaskiya. Muka bar Taq, enzayim ɗin da muka saba buga kwafi da shi a PCR, muka koma wani irinsa mai gyara kuskurensa, saboda kurakuran Taq su ma ƙulu suke haifarwa, su sa jel ya yi hazo. Kowane samfuri aka gauraya shi da DNA na wata dawar tashar bincike da aka riga aka karanta wannan yankin nata. Kowane jel kuma da shaidu biyu, mai yankuwa da marar yankuwa.

Abin da ya tsaya a rariya, da abin da ya zurare

Iri 7 suka nuna yanka. Biyar daga ciki wuri ɗaya suka yanku, guntu wajen 530 da wajen 290 daga zane mai 820. Biyu daga cikin bakwai ɗin, da muka sake gwada su ba gauraye, sun yanku su kaɗai, wato kwafin uwa da na uba sun bambanta a jikinsu. Wannan bai ba mu mamaki ba. Masu binciken da suka yi aiki a gonakin Duupa wajen Poli sun nuna cewa inda manomi ke cakuɗa iri da yawa a gona ɗaya, barbara tsakanin iri da iri ta fi yadda ake zato.

Muka aika bakwai ɗin a karanta da hanyar Sanger, muka ƙara da uku daga waɗanda ba su yanku ba. Dokta bai so ƙarin ba saboda kuɗi, ni na nace. Sakamako ya dawo bayan mako 5. Duk bakwai ɗin bambancin gaske ne, enzayim bai yi ƙarya ba: 'yan haruffa ne suka ragu ko suka ƙaru. Sai dai duk a wuraren da ba a fassarawa zuwa furotin suke, ba abin da ke nuna sun taɓa aikin LGS1. A cikin ukun da ba su yanku ba kuwa, ɗaya na da canjin harafi guda, T7E1 ya bi ta kansa ya wuce bai ji ba.

Wannan ma sanannen hali ne nasa. Ƙulun haruffa biyu zuwa sama yana jin sa da kyau. Saɓanin harafi ɗaya kuwa sai wanda ya ga dama, ya fi jin wanda C ke ciki. Wata ƙungiya a Faransa ta gwada shi kafaɗa da kafaɗa da wani enzayim mai irin wannan aiki, Surveyor, a 2015, ta samu T7E1 ya fi gane inda haruffa suka ɓace, Surveyor kuma ya fi gane canjin harafi ɗaya. Shi Surveyor dangin CEL I ne, enzayim da aka fara cirowa daga seleri a Filadelfiya a 1998, kuma ɗakin gwajin hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA) da ta abinci da aikin gona (FAO) da ke Saibasdof a Ostiriya ya daɗe yana koya wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi yadda za su tace ruwan seleri su yi wannan aiki da shi. Da na gaya wa yarinyar sai ta yi dariya, don seleri a kasuwar Marwa ƙulli-ƙulli ake sayar da shi tare da fasili da sauran ganyen miya. Mun sa shi a jerin abin da za a gwada in sanyi ya shigo.

A ganina, da tun farko mun zauna mun tambayi kanmu wane irin canji muke nema, da ba mu ɗora dukkan fatanmu a kan T7E1 ba. Ga dalili. A SRN39 ba 'yan haruffa ne suka canza a LGS1 ba. Yanki ne guda, haruffa fiye da 30,000, ya ɓace ɗungurungum, da ƙwayar gadon da maƙwabtanta. Wasu daga cikin dawar da aka sani da jure wa ƙuduji ta wannan hanya su ma haka suke. Inda abu ya ɓace gaba ɗaya, PCR ba ta da abin ninkawa, balle a samu abin gaurayawa, balle ƙulu. Babban abin da muke nema shi ne ainihin abin da rariyarmu ba za ta iya riƙewa ba.

Kuma muna da irin wannan a hannu tun Maris ba mu kula ba. Iri 3 cikin 36 ba su taɓa ba da zane a PCR ba, yarinyar ta rubuta musu "DNA bai yi kyau ba" ta ture su gefe. Zato ne mai hujja, don ganyen jar dawa na da sinadaran da ke hana PCR tafiya. Muka ɗauko su muka gwada da furaima, wato 'yan guntayen DNA da ke nuna wa PCR inda za ta ninka, na wata ƙwayar gado dabam da kowace dawa ke da ita. Biyu ba su ba da komai ba, DNA ɗin ne da gaske. Na ukun ya ba da zane mai kauri. Muka sake cirar DNA daga sabon ganye, muka maimaita gidaje ukun LGS1: babu, babu, babu. Ɗaya ƙwayar gadon kuwa tana nan.

Irin daga rumbun wata tsohuwa ya fito, a wani ƙauye kan hanyar Mokolo. A littafin tattarawa yarinyar ta rubuta cewa matar ta ba ta cikin tafi ɗaya, ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce a gonar da ta gaji take shuka shi. An yi odar sababbin furaima da za su kama daga gefe da gefen yankin, don a ga iyakar abin da ya ɓace. Kafin su iso mun cika tukwane 24 da ƙasar wata gona da ƙuduji ya cinye bara, rabi za a shuka irin tsohuwar, rabi dawar tashar bincike, an jera su a bayan ɗakin gwaji inda Baba maigadi zai riƙa korar awaki. Enzayim ɗin saura wajen maikrolita 10 a gindin kwalba, na mayar da shi firiza kusa da kofin silen. Tukunyar ɗumi kuma na ɗauke ta daga gindin taga, na ɗaura mata ma'aunin zafi da zare a hannunta.